Kasko Biyu Na Ruwa

Bazara ta kama. Wanda ya bi hanyar da ta fito daga Sakkwato ta ratsa Boɗinga da Shagari zuwa Jega a cikin watan Afril, ya san abin da mu ke faɗi. Tun hantsi ƙasa ta kan yi zafin da ba ta takuwa da ƙafa, iska kuwa sai ka ce daga bakin maƙera ta fito. Yawancin kwanakin watan nan ma'aunin zafi ya kan wuce digiri 40 a wannan yanki. A ran 3 ga Afril 1a shekara ta 2024 an auna digiri 48.5 a garin Kayes na ƙasar Mali, mutane da yawa suka rasa ransu a kwanakin nan. Mu da su kuwa sararin ƙasa ɗaya mu ke zaune, a gefen hamada.

Za mu fara da laifin kanmu, domin kada wani ya ce Malam ya hau kan dutse yana jifan na ƙasa. Wata Lahadi cikin bazara muka yi sammako da iyali duka zuwa sujada a wani ƙauye. Saboda tsoron shirwa da ɓarayi muka kulle kajinmu cikin akurki mai rufin kwano, muka ajiye musu ruwa cikin wani tsohon gwangwani. Muka yi wa'azi a kan ƙaunar Allah, aka yi waƙa, aka ci abinci, ba mu komo ba sai bayan la'asar. Da muka buɗe akurkin sai muka iske gwangwanin a kife, kaji huɗu sun mutu, sauran suna kwance baki buɗe. Uwargida ba ta yi faɗa ba. Ta dube mu kurum ta ce, "Malam, su ma da rai gare su." Maganan nan ta fi wa'azin da muka yi da safe nauyi, gama gaskiya ce, kuma a cikin Littafi ta ke. Ku buɗe Misalai sura 12 aya 10. Mai hikima ya sa kula da ran dabba cikin alamun mutumin kirki, ya kuma nuna mugun mutum ko tausayinsa ma da cuta a ciki. To, mu da muka kulle su don mu tsare su, tausayi ne muka yi, amma tausayi marar sani, ga kuwa abin da ya haifa.

Saboda haka ya kamata mu san yadda Mahalicci ya yi kaza. Zafin jikin mutum digiri 37 ne, na kaza kuwa wajen 41. Mutum idan zafi ya dame shi sai ya yi gumi, iska ta busar da gumin, jiki ya yi sanyi. Kaza ba ta gumi ko kaɗan, ga ta kuma sanye da rigar gashi wadda ba ta tuɓewa. Abin da ta ke da shi kaɗan ne: ta kan buɗe fikafikai domin iska ta shiga inda gashi ba shi da yawa, ta kan fid da zafi ta tukkun kanta da ƙafafunta, ta kan tona ƙasa mai sanyi ta kwanta. Amma waɗannan duka suna aiki ne sa'ad da iskar waje ta fi jikinta sanyi. Ran da iska ta kai zafin jikinta, ba sauran wata ƙofa sai haki. Shi ya sa ku ke ganinta baki buɗe, maƙogwaro yana kaɗawa. Hakin nan kuwa ruwan jikinta ya ke ci. Kaza cikin bazara ta kan sha ninkin abin da ta ke sha da sanyi, har fiye. Idan ruwa ya yanke mata da tsakar rana, sa'o'i kaɗan sun isa su kashe ta.

Mata da yawa suna kuka cewa kajinsu sun rage ƙwai da bazara, wanda suka yi ma ɓawonsa ba ƙarfi, da an taɓa sai ya fashe. Waɗansu har sun zargi maƙwabta da baki ko sammu. Ba sammu ba ne, 'yan'uwa, kuma bai dace da mai bi ya ɗora wa maƙwabcinsa laifin rana ba. Yawan haki ya kan canja jinin kaza har abin da ta ke gina ɓawon ƙwai da shi ya ragu, ga shi kuma ba ta cin abinci sosai saboda zafi. Da an sanyaya mata wuri, an ba ta ruwa, al'amarin ya kan gyaru.

Wani zai ce, ashe mujallar Ekklesiya ta rasa abin faɗi sai zancen kaji? Wanda ya faɗi haka bai shiga gidan gwauruwa ba. A ƙauyukanmu kaza ita ce asusun matalauciya. Da ita a ke sayen maganin zazzaɓi idan yaro ya kwanta da dare, da ita a ke biyan littafin makaranta, da ita a ke karɓan baƙo, daga cikinta kuma baiko ya ke fitowa ran godiya. Mace mai kaji goma idan ta rasa shida cikin mako ɗaya, ba a yi shela a kasuwa, amma gidan nan ya ji a jikinsa har damina. Idan dattawan Ekklesiya suna ziyara suna tambayar lafiyar ruhu, ba su ɗaga ido sun dubi akurki ba, ziyararsu da saura.

Abu na fari inuwa ne, kuma a nan akwai abin lura. A ƙasarmu wajen ƙarshen Afril rana ta kan tsaya daidai bisa kai da tsakar rana. Katangar da ta ba ku inuwa cikin watan Disamba ba ta da inuwa yanzu sai 'yar siririya a gindinta. Inuwar da za ta yi amfani sai wadda ta ke bisa: itace, ko rumfa. Wanda ya ke da dogon yaro ko tsamiya a tsakar gida, Allah ya rigaya ya gina masa akurkin bazara, sai ya bar kaji su sake a ƙarƙashi. Wanda ba shi da itace ya kafa rumfa da karan dawa ko tsohuwar zana, ya bar gefunanta a buɗe domin iska ta ratsa. Kwano fa abokin gaba ne da rana. Mun ga mutane suna alfahari da akurkin kwano suna raina na kakanninmu na laka da rufin ciyawa, alhali na kakannin ya fi shi sanyi nesa. Idan kwanon ya riga ya hau, a jibga kara ko ciyawa a bisansa, a huda tagogi sama kusa da rufi, a sa musu raga, domin iska mai zafi sama ta ke tashi. Kada kuma a cusa kaji ashirin a wurin goma, gama kowace kaza murhu ce ga 'yar'uwarta.

Zancen inuwa ya tuna mana da annabi Yunana. Ku karanta sura 4. Bayan ya yi wa Nineba wa'azi mutanen suka tuba, sai ya fita gabas da birni yana fushi, ya kafa 'yar rumfa ya zauna. Allah ya tsiro masa da wani tsiro ya yi masa inuwa, ya yi murna ƙwarai. Kashegari tsutsa ta cinye tsiron, iska mai zafi ta taso daga gabas, rana ta buga kansa har ya nemi mutuwa. Mutumin Boɗinga ba ya bukatar mai fassara a nan, ya san iskan nan. Amma ku dubi inda Allah ya kai maganar. Ya nuna wa annabin cewa yana jin ciwon inuwar kansa ɗaya, ba ya jin ciwon birni mai mutum fiye da 120,000. Sa'an nan Allah bai tsaya kan mutane ba, ya ambaci dabbobin birnin masu yawa, a kansu ma littafin ya ƙare. Mun daɗe muna karanta wurin nan ba mu lura ba. Annabi yana lissafin inuwar kansa, Ubangiji yana lissafi har da garke. Mu ma da rana ta take, mu kan jawo tabarma zuwa gindin itace, mu kori kaji daga wurin domin kada su ɓata mana shimfiɗa.

Sai ruwa. A sa shi cikin kasko na ƙasa, ba cikin gwangwani ko roba ba, gama tukunyar ƙasa tana tsatsafo, iska tana busar da tsatsafon, ruwan ciki yana yin sanyi. Hikimar randa ke nan da iyayenmu mata suka sani tun dā. Wani malami daga jihar Jigawa, Mohammed Bah Abba, ya ɗauki hikiman nan ya sa tukunya cikin tukunya da jiƙaƙƙen yashi a tsakani domin adana kayan miya, har ya sami lambar yabo ta Rolex a shekara ta 2000. Ku binne gindin kaskon cikin yashi mai laima a inuwa, ba zai kife ba, ba zai yi zafi da sauri ba. Kaza ba ta son ruwa mai ɗumi, ta kan ƙi shi ko tana jin ƙishi, saboda haka a sake shi da azahar, kada a ce na safe ya isa. A ajiye kasko fiye da ɗaya, gama zakara da manyan kaji su kan tare wuri su hana ƙanana. Inda akwai 'yan tsaki a zuba tsakuwa a ciki domin kada su faɗa su nutse. Kaza mai kwanci kuma a kai mata nata kusa, ita ce ta fi kowa wahala, ba ta son barin ƙwai. Ƙasari, watau ruwan wankin gero, yana da kyau, amma ya kan yi tsami da wuri cikin zafi, ba ya kuwa maye gurbin ruwa mai tsabta.

Abinci a ba su da sassafe da kuma yamma lis. Narkar da abinci yana ƙara wa jiki zafi, kazar da ta cika ciki da dawa da hantsi ita ce za ta fi shan wuya da azahar. Ruwan da aka ɗauraye kwanuka da shi, idan ba sabulu a ciki, a yayyafa a ƙarƙashin rumfa su sami ƙasa mai sanyi su kwanta. Idan kuwa kun iske kaza ta faɗi tana haki, ku ɗauke ta zuwa inuwa, ku tsoma ƙafafunta da ƙirjinta cikin ruwa mai sanyi, ban da kai, ku bar ta inda iska ke kaɗawa. Masu kiwon kajin turawa na nama su ƙara lura, gama waɗannan jikinsu nauyi gare shi, ba su da jimirin kajinmu na gida.

Akwai wani abu kuma da ya ke ɓata mana rai ran kasuwa. Mutum ya ɗaure kaji da ƙafa, ya rataye su kai ƙasa a jikin babur, ya yi tafiya cikin rana, ya yar da su a ƙasa mai zafi yana ciniki har la'asar, ko ɗigon ruwa bai ba su ba. Idan ka yi magana sai ya ce, ai yanka za a yi. Gaskiya ne, sabo da kaza ba ya hana yanka, Allah kuwa ya ba mu nama mu ci. Amma ikon yanka daban, ikon azaba daban. Ba a ba mu na biyun ba.

Yanzu mu zo kan kasko na biyu, wanda ba shi da riba. Kaza tamu ce, idan mun kula da ita muna kula da aljihunmu ne, ko marar tsoron Allah ya iya wannan. Amma a bayan katanga akwai kurciya, da hasbiya, da baiwar Allah, da bushiya, da ƙadangare, da ƙudan zuma. Cikin watannin nan tafkuna sun ƙafe, sai inda akwai fadama ko madatsar ruwa irin ta Shagari. Wanda ya zauna kusa da rijiya da azahar zai ga tsuntsaye suna sauka kan 'yar laimar da guga ta zubar, baki buɗe kamar kajinmu. Su ba su da uwargida. Zabura 104 ta nuna Allah ne ya ke gudano maɓuɓɓuga cikin kwaruruka domin namomin jeji su sha, tsuntsaye kuma su yi sheƙa a gefensu. Idan mai gida yana shayar da baƙinsa, ɗan gida ba ya jin kunyar ɗaukan moɗa.

Ubangijinmu Yesu ya san kasuwar tsuntsaye. A cikin Matta sura 10 ya faɗi kuɗin 'yan tsuntsaye guda biyu, ƙaramin kuɗi ɗaya. A cikin Luka sura 12 kuwa guda biyar ne a kan kuɗi biyu. Ku yi lissafi. Idan ɗaya ya sayi biyu, biyu za su sayi huɗu. Na biyar ɗin fa? Gyara ce. Mai sayarwa ya jefa shi kyauta, ba shi da daraja ko ta anini. Ubangiji kuwa ya tabbatar mana Allah bai manta da ko ɗaya daga cikin biyar ɗin ba, har da na gyara. Ya faɗi haka domin ya ƙarfafa almajirai masu jin tsoro, ya nuna musu sun fi tsuntsaye daraja nesa. Mu masu bi a wannan yanki ba mu da yawa, wani lokaci mu kan ji kamar mu ne gyara a kasuwar duniya. Ta'aziyyan nan tamu ce. Amma ku lura, ta'aziyyar tana tsaye bisa kan cewa Allah yana kula da tsuntsun da gaske. Idan kulawarsa da tsuntsu magana ce kawai, to, me muka dogara a kai? Wanda ya karɓi rabin ayar da ya shafe shi, ya raina rabin da ya shafi tsuntsu, yana sare reshen da ya ke zaune a kai.

Mun san abin da za a ce: ruwan da mu ke saye a wurin 'yan garuwa, ko mata su ke jawowa daga rijiya mai zurfi, shi za mu ba tsuntsu? Ba mu raina wahalan nan ba. Amma moɗa ɗaya ce a yini. Rifkatu, cikin Farawa sura 24, baƙo ya roƙe ta kurɓi ɗaya, ita kuwa ta ɗebo wa raƙumansa goma har suka ƙoshi, raƙumi mai ƙishi kuwa ya kan shanye jarka uku ko huɗu. Ba wanda ya sa ta. Da wannan bawan Ibrahim ya gane irin matar da ya ke nema. Maƙwabtanmu Musulmi ma suna da labarin mutumin da ya shayar da kare mai ƙishi ya sami gafara, da yawa cikinsu kuwa suna ajiye wa tsuntsaye ruwa. Abin kunya ne a ce gidan mai bi ne ya fi kowane gida bushewa a unguwa.

Amma a yi shi da hankali. Kaskon tsuntsayen jeji ya yi nesa da na kaji, kada su haɗa baki. Murar tsuntsaye, wadda aka fara tabbatar da ita a Nijeriya cikin watan Fabrairu na 2006 a jihar Kaduna, da sauran annobar kaji, suna bin kashi da ruwan sha daga wannan tsuntsu zuwa wancan. Shi ya sa muka ce kasko biyu. Na tsuntsaye a ɗora shi a kan reshe mai gwafa ko bisa katanga a inuwa, inda kyanwa ba ta kai. A sa dutse ko ɗan kara a ciki domin ƙudan zuma su sami wurin tsayawa. Idan za a ajiye wani a ƙasa saboda bushiya, a kai shi bayan gida nesa da ƙofar ɗaki, gama maciji ma yana jin ƙishi. A zubar da tsohon ruwa kowace safiya a wanke kaskon, domin sauro cikin ruwa mai kwana ya ke haihuwa, mako guda zuwa kwana goma ya ishe shi ya tashi. Kada alherinmu ga tsuntsu ya zama zazzaɓi ga 'ya'yanmu.

Iyaye da malaman makarantar Lahadi, ku ja kunnen yara. Kaskon nan ba tarko ba ne. Yaron da ya laɓe da danƙo yana jiran kurciya ta sauko shan ruwan da uwarsa ta ajiye, ya mai da sadaka ta zama yaudara. Shari'ar Musa, cikin Kubawar Shari'a sura 22, ta hana a kama uwar tsuntsu tare da 'ya'yanta a sheƙa, sai a sake uwar, domin iri ya wanzu. Ba mu ce manomi ya zuba wa jan-baki ido ya cinye masa gero ba, ko mace ta bar shirwa ta kwashe 'yan tsaki. Tsaron abinci wajibi ne. Kisa don wasa shi ne ba mu da hujjarsa. Tsofaffinmu suna tuna lokacin da ba mahautar da za ka je ba ka ga ungulu jingim ba. Yau yara da yawa ba su taɓa ganinta ba. An kashe ta da guba, an sayar da ita ga masu tsubbu, har a shekara ta 2015 masana suka sa irin ungulun nan ta cikin gari cikin tsuntsayen da su ke bakin ƙarewa. Ita ce ta ke kwashe mushe kyauta, yanzu mushen yana ruɓa a bakin gari.

Kasko na yini ɗaya ne, itace kuwa na shekaru. Ku dubi gawo. Sauran itatuwa da yawa suna kaɗe ganye da rani, shi kuwa da damina ya ke zubar da nasa domin gero ya sami rana a ƙarƙashinsa, da rani ya yi kore shar, ya ba dabba inuwa da 'ya'ya, ya ba tsuntsu masauki. A ƙetaren iyaka, a ƙasar Maraɗi, wani ma'aikacin mishan na SIM daga Ostareliya mai suna Tony Rinaudo ya sha wahalar dasa itatuwa suna mutuwa. A shekara ta 1983 ya lura cewa 'yan kurmin da manoma su ke sassabewa kowace shekara ba ciyayi ba ne, tohon kututture ne masu rai da saiwa mai zurfi. Ya koya wa manoma su zaɓi tsiro kaɗan masu ƙarfi a kan kowane kututture su bari, su datse sauran. Mutane suka kira shi sassabin zamani. Da farko an yi masa dariya, amma abin ya bazu har ya kai kimanin hekta miliyan 5 a Nijar. Ba a sayi iri ba, ba a yi ban ruwa ba, wuƙa ce kawai da haƙuri. Gonakin Boɗinga da Shagari suna da irin kututturan nan, na gawo da kalgo da sabara da aduwa, yanzu kuwa lokacin sharar gona ne.

Nan da 'yan makonni shamuwa za ta sauka kan itatuwan gari, manomi ya san ruwa ya yi kusa, kamar yadda annabi Irmiya ya shaida cewa tsuntsun nan ya san lokatansa. Kafin ta zo, ranakun da suka fi tsanani suna gaba. A gidanmu mun ɗaga rufin akurkin, mun jibga masa kara, kuma ba mu ƙara kulle kaji ran Lahadi ba sai an bar yaro ɗaya a gida ya sake musu ruwa da azahar, a riƙa juyi kowane mako domin kada mutum ɗaya ya riƙa rasa sujada. Na tsuntsaye yana kan katanga ƙarƙashin dogon yaro. Ƙudan zuma ne suka fara gano shi, kurciyoyi sai a rana ta uku.